Garba Ya Samu Aikin Kwamfuta

Zuwa ga ƙanena Mamman, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin mai ɗakinka? Mu nan Wara lafiya lau, sai gwiwar nan da ta hana ni shiga jirgin kamun kifi.

Ɗana Garba ya samu aiki, shi wanda ka ce karatunsa asarar kuɗin tarun su ne. Shekara uku yana zaune, har na daina zuwa majalisa don kunya.

Masu ƙidayar masunta ne sunka kira jarrabawa a Yelwa. Ranar farko sunka nuna mai zanen tawada, wai ya faɗi abin da ya gani, sunka tambaye shi ko yana yawan fushi. Na ce wanga ai binciken mahaukata ne, kada ya koma. Ya koma.

Sunka ce kowa ya tsara wa kwamfuta yadda za ta ware masunta ƙauye-ƙauye. Sauran sunka duƙufa. Shi ko ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙauyen rani ko na cikar ruwa? Masunci kifi yake bi." Shugaban masu jarrabawar ya ce tambayar da yake jira ke nan tun safe.

Hankalina ya kwanta, Mamman. Ka taya mu addu'a, ka gaida yara.

Na dai gaya mai, in an turo shi ƙidaya gidana, tuwo kawai zai samu, ba amsa ba. Tun da masu dam sunka rubuta sunana sunka tashe mu daga tsibiri, ba na amsa wa mai takarda.

Yayanka, Ɗanladi.