Kwanona Daban

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Na kama aiki a kamfanin irin shuka a Gwarzo. Tun daga Kabo gabana ke faɗuwa, ashe a banza. Sun yi gangaren siminti saboda kekena na guragu, sun faɗaɗa ƙofar bayi. Manaja, Malam Mijinyawa, sai nuna mini yake kamar ɗakin amarya. Wai umarni ne daga babban ofis.

Alhamis, 9 ga Mayu
Gwaggo Uwaliya mai dafa mana abinci ta kawo mini kwanona har tebur, da tsoka uku. Sauran ma'aikata suna can kan barandar sito, matakala biyar, tire ɗaya suke ci. Ni ɗan gata.

Laraba, 15 ga Mayu
Tsoka uku kullum, aiki babu. Na karanta aikin gona shekara huɗu don in zauna ina korar ƙuda. Inna ta ce kumatuna sun fito, aikin ya karɓe ni.

Talata, 21 ga Mayu
Yau na gano bakin zaren. Jibirin, abokin aikina, ya ce za shi Masanawa koya wa manoma shuka sabon irin gero. Na tambaye shi yaushe aka raba aikin. Ya ce ai a kan tire ake raba komai, tsakanin loma da loma. Wanda hannunsa ba ya ciki, sunansa ba ya fitowa.
Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana aljihu.

Litinin, 27 ga Mayu
An aiko fom daga babban ofis. Gangare? Akwai. Bayi? Akwai. Ba su tambayi tire ba.

Talata, 28 ga Mayu
Na ce wa Gwaggo ta riƙe kwanonta. Da aka idar da Azahar na bar keke a ƙasa, na sa takalman hannu, na hau matakalar nan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tsaya da loma a hannu. Manaja ya miƙe yana salati, wai me ya yi zafi, ai don girmamawa ake kai mini.
Na ce, "Ranka ya daɗe, ba nama na zo ci Gwarzo ba. A matsa mini."
Aka matsa. Ban san ɗanɗanon abin da na ci ba.

Laraba, 29 ga Mayu
Tire ya sauko gindin darbejiya, tabarma da komai. Manaja dai ya ce baranda ta cika zafi. Shekara shida suna can, sai yau suka ji zafinta.

Litinin, 3 ga Yuni
Masanawa ni da Jibirin. Ya ɗaure kekena bayan mota kamar ragon layya. Wani dattijo ya yi mini gardama kan tazarar shuka har la'asar, ƙarshe ya ce in dawo bayan tsiro mu ga mai gaskiya.

Laraba, 5 ga Yuni
Tsoka ɗaya ta faɗo gabana, na juya amsa wa Manaja magana, Jibirin ya yi gaba da ita. Ko kunya babu. Mutanenmu ba su da kirki.
Takardar nan ta aljihu, da ita na goge hannu.