Hoton Baba da Ka Nema

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikin da ya kai ka can. Mu nan sai godiya. Mama na fama da gwiwarta, Auta ya gama jarrabawa ya dawo yana cika mana kunne, ni kuma ina shagon hotona kamar kullum.

Yaya, hoton Baba da Mama da ka ce in ɗaukar maka, don ka rataya a falo yara su san kakanninsu, shi ya hana ni sukuni. Da na faɗa wa Baba, sai ya sa aka ciro masa farar rigarsa, aka ɗaga shi aka jingina shi da filo. Ya ce in yi masa irin wanda nake yi wa amare, mutum ya fito tar, bayansa kuma ya narke ba a gane komai. Na gane nufinsa. Ba ya so ka ga abin da ke cikin ɗakin.

Na sa wa kyamara dogon gilashi, don gajeren in an matso kusa kumbura hanci yake yi, ka kuwa san hancin gidanmu ba ya neman ƙari. Dogon yana daidaita fuska, har ya ɗan rufa wa ramar da Baba ya yi asiri. Ɗakin ya yi mini kaɗan, sai da na ja da baya na tsaya a bakin ƙofa. Na buɗe kafar da haske ke shiga har ƙarshe, sai bayansa ya narke yadda yake so. Sai dai in aka buɗe ta haka, abin da ke fitowa sarai bai wuce faɗin tafin hannu ba. Baba ba ya iya zama a miƙe, yana kishingiɗe can baya, Mama na gaba a bakin gado. In na saita idonsa, fuskar Mama ta yi dishi-dishi. In na saita nata, shi ya dushe. Na roƙe shi ya ɗan matso, ya yunƙura ya kasa, ya yi dariya wai katifar ce ta riƙe shi. Na ɓoye fuskata a bayan kyamara don kada ya ga hawayena.

Abin da ya rage shi ne in tsuke kafar hasken su fito su biyu. Da na tsuke kuwa, ɗakin ma ya biyo su: kwalaben magani a kan tebur, keken guragu a jikin bango, ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusa. Baba ya ce a bar Mama ta dushe, ai ka san fuskarta. Mama, wadda ba ta taɓa musa masa a gabanmu ba, ta ce ita ba za ta ɓace a hoton da ba ta san ko za a sake yin wani ba. Ni kuma na bar kafar a tsuke, na danna.

Hoton nan ne na haɗo maka da wannan takarda. Raina a jagule yake, don na saɓa wa Baba, amma tsoro ya fi ƙarfina. Kai muryarsa kawai kake ji a waya. Ba ka ganin yadda yake tattaro ƙarfinsa kafin ya ɗauka, da hakin da yake yi bayan kun gama. Ka ce sai hutun baɗi za ka zo. Rai na hannun Allah, amma likita ya daina yi mana maganar baɗi.

Mama, Gwaggo, Kawu da Auta duk suna gaishe ka. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara. Baba ya ce in gaya maka yana samun sauƙi, kada ka tayar da hankalinka. Na isar da saƙonsa. Kai kuma kafin ka rataya hoton, ka dubi abin da ke bayansa da kyau, sannan ka nemi tikiti.

Ƙanwarka,
Mai Hoto