Na Wanke Hannun Baffa Daga Bangon Goggo

Malam mai ba da shawara, don Allah ka taimake ni. Abin nan ya tokare mini ƙirji, kuma duk wanda na faɗa wa a garin nan dariya yake fara yi.

Ni mutumin Kebbe ne, amma a Tambuwal nake zaune, ina wankin manyan motoci a bakin tasha. Tun da aka sami 'yancin kai motocin gyaɗa da na shanu suka yawaita, bokiti da tsumma suka gaza. Sai na tafi Gusau neman famfo. Mai kanti ya nuna mini iri biyu, na hannu wanda ake bugawa kamar daka, da mai injin fetur wanda ruwansa ke fita daga tiyo da ƙarfin gaske. Ban tsaya wata tambaya ba na ɗauki mai ƙarfin. Kuma yana aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Kashin shanun da nake kankara har hannuna ya yi kanta, yanzu kafin direba ya gama shan fura kashin ya fita.

To ga inda na yi ɓarna. Goggo Hauwa'u, ƙanwar mahaifina, ita ta raine ni bayan rasuwar uwata. Mijinta Baffa Maccido magini ne, Allah ya jiƙansa. Shi ya gina mata ɗaki, ya shafe fuskarsa da makuba, ya bi da yatsu ya yi zane tun shafen yana ɗanye, a saman ƙofa kuma ya danna tafin hannunsa. Da Babbar Sallah ta matso na tuna bangon ya yi baƙi da hayaƙi da kashin tattabaru, na ce bari in faranta mata. Na roƙi wani direba ya kwashe ni da inji da durom ɗin ruwa, muka sha wuyar hanyar Kebbe. Na iske ta tafi barkar haihuwa. Na tayar da inji, maƙwabta suka taru kallo, kaina ya kumbura. Baƙi ya fara sauka, na ji daɗi, na ƙara matsawa kusa. Da ruwan ya koma ja, wallahi na zaci datti ne. Kafin in ankara zane ya narke, tafin hannun ya tafi, tubali ya bayyana.

Da ta dawo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta daɗe tana kallon saman ƙofar, sannan ta kawo mini ruwa a ƙwarya kamar baƙo. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta faɗarsa, tun ina goye Ɗangiwa take kirana. Daga ranar nan na koma Malam a bakinta. Wannan Malam ɗin ya fi mari ciwo.

Abokina Atiku ya ce tsohuwa ce, za ta manta. Ni kuwa tunanina in sayar da injin, in sayi siminti in shafe mata ɗakin gaba ɗaya, ga damina ta kusa. Ko hakan zai sa ta huce?

Mai wankin mota, Tambuwal.

AMSA

Ɗan'uwa, ni ban yi dariya ba. Niyyarka mai kyau ce, kuma wanda bai damu da goggonsa ba ai ba zai ɗauki durom har Kebbe ba. Amma ka duba nata ɓangaren ita ma. Kai datti ka gani a bangon, ita kuwa hannun mijinta take wucewa a ƙarƙashinsa kullum. Atiku bai san tsofaffi ba, irin wannan ba sa mantawa.

Kada ka sayar da injin, abincinka ne, kuma ba shi ya kai kansa Kebbe ba. Ka dai san iyakarsa. Aikinsa ƙarfe ne da daɓen siminti. Ginin ƙasa, makuba, jinka da tsohon fenti ba nasa ba ne, waɗannan tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma sun ishe su. Ko a mota, ka fara daga nesa, ka gwada a wani lungu, ka kauce wa wayoyin inji, kuma kada ka taɓa nuna bakin tiyo ga mutum ko dabba. Duk ranar da ka ga ruwa ya ɗauko launin abin da kake wankewa, kashe inji.

Siminti kuwa ka manta da shi. Ba ya zama lafiya a kan ƙasa, zai tsage ya riƙe ruwa. Kuma zai binne ɗan abin da ya rage na Baffa, ka ga ka sake yanke mata hukunci ba da saninta ba, wanda shi ne asalin laifin.

Ka je Kebbe kafin ruwan farko, ba inji, ba 'yan kallo. Ka durƙusa ka ba ta haƙuri a fili, kada ka kawo zancen niyyarka. Ka tambaye ta yadda take son a gyara, da maginin da ta yarda da shi cikin waɗanda Baffa ya koya wa aiki. Duk gefen da zanen ya tsira, a bar shi yadda yake. Kai kuma tuɓe riga ka shiga kwaɓin ƙasa da ƙafarka, ita tana zaune tana gyara maka. In an zo saman ƙofa, kada kowa ya kwaikwayi hannun mamaci. Ku bar wurin ɗanye, ku ja baya, ita ta zaɓi wanda zai danna nasa, ko a bar shi haka.

Sunan nan kuma kada ka roƙa. Ranar da ka cika wa kwaɓi ruwa, ta fusata ta daka maka tsawa da Ɗangiwa, ka amsa da sauri. Allah ya jiƙan Baffa, ya sanyaya zuciyar Goggo, ya sa albarka a sana'arka.