Kukan Libarbar Abu Nasir

Suwaidi, Riyad

Zuwa ga Yaya Laouali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, kai da iyali da dukan mutanen Damagaram. Tunda kunnenka ya daina shiri da waya, na rubuta da hannu, zan ɗauki hoton takardar in tura wa 'yarka Hajar ta nuna maka.

Yaya, hankalina a tashe yake, kuma kai kaɗai za ka gane, tunda kai ka riƙe aikin gidan nan kafin ka miƙa mini. Ka tuna tsohuwar libarbar da Baba Abu Nasir ya gada wajen mahaifinsa, wadda ya fi ƙauna cikin duk bindigogin da yake tarawa. Ka san al'adarsa: bayan la'asar a kawo masa ita tare da gahawa, ya goge ta, ya ɗana ta kusa da kunne yana sauraron ƙas-ƙas ɗinta. Idonsa yanzu ya kusa tafiya, da kunne ya san abarsa.

Kai ka koya mini cewa irin waɗannan na da ba a cika musu ciki, ana barin rami ɗaya ba harsashi, don in ta faɗi tana iya tashi da kanta. To, bara tsoho ya yi mantuwa ya cika ta duka, ta suɓuce masa, harsashi ya shiga bango daidai inda jikarsa Yusra ta saba zama. Allah ya sa tana makaranta. Ɗansa Nasir ya ce kamfanin da ya ƙera ta yana karɓar tsofaffin, ya sa musu wani ɗan ƙarfe da zai hana su tashi sai an ja kunama. Tsoho ya ce ba mai taɓa cikin bindigar ubansa yana raye.

Da aka kwantar da shi don aikin gwiwa, Nasir ya ɗauke ta, ya tura ta kamfanin ta hannun dillali mai lasisi, ya sa na rantse da Allah ba zan faɗa ba. Tsoho ya yi watanni yana jinya bai nemi ta ba. Ta dawo tana ƙyalli, tsofaffin ƙarafunta cikin wata 'yar jaka, Nasir ya ɓoye jakar. Jiya na miƙa wa tsoho ita. Ya ɗana, ya sake ɗanawa, ya ajiye. Ya ce, "Ya Issoufou, wannan ba kukan tawa ba ne. Ina tawa?"

Mabuɗin akwatin bindigar a hannuna yake, Yaya. Nasir ya yi tafiya, kuma ba ya ɗaukar wayata. Ka ba ni shawara, ka gaishe mini da Hansai da yarana.

Ƙanenka,
Issoufou

*

Damagaram

Issoufou,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya sauka, matarka da yaranka ƙalau suke.

Kai tun kana yaro bakinka ke riga kanka. Wa ya aike ka rantsuwa a kan rigimar uba da ɗansa? Ni a da in Nasir ya ce in ɓoye masa ko kwalin sigari, cewa nake ban ji Larabcin ba. Gyaran da ya yi daidai ne, ni ma na daɗe ina tsoron wannan ƙarfen, amma da ya yi shi da rana tsaka kamar namiji.

Kada ka tsaya jiran kowa. Satar bindiga a ƙasar nan ba satar dabino ba ce, in magana ta kai ga shurɗa, 'yan sandansu, ba wanda zai tsaya jin bakin ɗan aiki. Ka ce a duba lambar da ke jikinta. In bai yarda ba, ka faɗa masa gaskiya, ka karya rantsuwar ka yi kaffara. Na tambayi liman, ya ce ka ciyar da miskinai goma, in ba hali ka yi azumi uku.

Ban gaya wa Hansai ba. Allah ya tsare.

Yayanka,
Laouali

*

Suwaidi, Riyad

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardarka, faɗan ma na karɓa.

An duba lamba. Ɗan ƙanen tsoho ya karanta masa, ta yi daidai da ta lasisi. Tsoho ya ce lamba kowa na iya bugawa, shi tun yana ɗan yaro a gefen mahaifinsa yake jin kukan bindigar nan, ba wanda zai mai da shi wawa don ya makance. Wallahi tausayi ya ba ni, ko da yake ni yake tuhuma.

Abin da ka manta shi ne, bayan tafiyarka an mai da kafala, wato riƙon takardun aikina, sunan Nasir. Iƙamata, katin izinin zamana, a hannunsa take. In na yi magana, shi zai buga mini huruj, takardar barin ƙasa, in dawo gida hannu biyu. A ƙarshe ya turo mini saƙon murya, wai in yi sabur, wato haƙuri, tsoho zai manta. Tsoho ya manta abin da ya ci da safe, amma wannan bai manta ba. Ya daina karɓar gahawa daga hannuna. Ya karɓe mabuɗin ya rataya a wuyansa. Abin da ya fi ci mini rai, ya ce, "Yayanka ya yi shekaru a gidan nan, ko allura ba ta ɓata ba." Ya ba ni zuwa Juma'a, in ban fito da ita ba zai kira shurɗa.

Na je unguwar Batha wajen mutanenmu ko zan ji sanyi. Bachir mai wanki ya ce in gudu in ɓuya a wurinsu. In na gudu ai na tabbatar da satar ke nan. Ko ƙarar mota na ji a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Ka yi mini addu'a.

Issoufou

*

Damagaram

Issoufou,

Salam. Ban san da zancen kafalar ba, da ban yi maka ba'a ba.

Duk da haka maganata ba ta canza ba. In aka koro ka, gonar Babanmu tana nan, za mu noma tare mu ci abin da ya samu. Amma in aka kira ka ɓarawo, har yaranka sai an nuna su da baki a garin nan. Kada ka gudu, kada ka jira Juma'a. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Laouali

*

Suwaidi, Riyad

Yaya,

Ina gaisuwa. Na faɗa wa tsoho ranar Laraba, komai da komai. Da na gama sai ya ce, "Wato jira suka yi in kwanta." Ya lalubo hannuna ya ce in yafe masa. Bindigar kuwa ya ce a mai da ita akwati, bai ƙara nemanta ba.

Na fara azumin kaffara. Jiya da magariba shi da kansa ya aiko mini da dabino. Nasir ya dawo yau da safe, bai dube ni ba, ya dai ce gobe in same shi a ofis da iƙamata.

Sunana dai na tsira da shi. Ka ce wa Hansai ta share ɗaki, amma kada ta gaya wa yara tukuna.

Ƙanenka,
Issoufou