Muryar Ilu a Cikin Kwamfuta

Daren Laraba, watan Sha'aban.

Shekarar da kukar ƙofar gidanmu ta faɗi aka ɗauki muryarmu, ni da aminina Ilu, a kwamfutar ofis, muna jero iyakokin gonakin Sandamu. Ilu ya rasu. Yau kwamfutar ta ƙi tashi, wai ba ta ganin ma'ajiyarta.

Injiniyar da ke kula da ita a ofishin ta ce, "Baba, kamfani ya aiko da sabon gyara, in na sa za ta farka."

Na hana, kada sabon ya kori tsohon, ya tafi da muryar Ilu. Ta rantse ba zai taɓa shi ba.

Gidan nan shiru. Babu sauran mai ce min, "Ƙarya kake, tsamiyar ce iyaka."

Da safe zan je ta sa gyaran ina zaune, in ji ko Ilu zai sake ƙaryata ni.