Ɗakin Lado

Anka, Satumba 2021

Zuwa ga Yaya Lubabatu, Gummi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aikin makaranta, ya ruwa? Tunda aka datse layukan waya babu yadda zan same ki sai ta takarda, shi ya sa na ba Tasi'u direba wannan.

Yaya, wani abu ya samu ɗiyarki Muhsina. Ni na haife ta, amma ke kika riƙe ta tun daga yaye har aure, don haka ba zan ɓoye miki ba. Makon jiya mijinta Lirwanu ya kawo mini ita, da ƙullin leda a hannunsa. Farar ƙasa ce, irin wadda mata ke saye a kasuwa. Ya ce ba ɗan lasa take yi irin na masu ciki ba. Ya samu a ƙarƙashin katifa, ya samu a cikin kwalla, har cikin buhun gero. Tuwo kuwa loma biyu take yi ta ture. Cikinta ya shiga wata shida, ita kuma ta koma kamar sillen kara.

Na zaunar da ita. Ta yi ƙarya, ta yi kuka, ta rantse ta daina. Washegari na tarar da ita tana ƙoƙarin aika a sayo mata. Na san wannan hanya, don na bi ta da ɗana Hamza lokacin da kodin ya kama shi: ɓoyo, ƙarya, rantsuwa, komawa. Jaraba ce, sunan kayan kawai ya bambanta. Kin kuma san abin da ya warkar da Hamza. Na raba shi da masu sayar masa, na sa masa kwaɗo har jikinsa ya manta. Yau ga shi yana ɗinkinsa, ba ya rasa jam'i.

Don kada Anka ta ɗauka, na kai ta gida Tungar Guru wurin Inna. Na kwashe komai daga wani ɗaki, na sa ta ciki na kulle. Inna ke miƙa mata abinci da ruwan alwala. Babu mai tallan da za ta kai gare ta. Ki sa ta a addu'a.

Ƙanenki,
Almustapha

Gummi

Almustapha,

Wa alaikumus salam. Ruwa ya yi gyara. Ni ce ban lafiya, tun da na karanta takardarka a tsaye a bakin tasha, har Tasi'u ya ɗauko mini benci.

Mace mai ciki wata shida ka sa wa kwaɗo? Ka kulle min ɗiya kamar akuyar da ta shiga gona, sannan ka tambaye ni ya ruwa? Tun muna yara haka kake. Da ka sami guduma, har ƙwai sai ka ce ƙusa ce. Sau ɗaya kwaɗo ya yi maka rana a kan Hamza, shi ke nan ka zama likita.

Ban musa maka ba, akwai kama. Ɓoyon da ƙaryar da rantsuwar duk haka suke. Masana ma sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko cutar da ke kama mutum ta wajen ci ita da shaye-shaye uwarsu ɗaya, na kuma karanta ɓangarorin biyu. Amma kama da wane ba ta wane. Mutum zai iya rayuwa har ya tsufa bai sake ganin kwalbar kodin ba. Shi ci fa, kullum sai an buɗe baki an sa wani abu. Ba za ka ce wa mutum ya rabu da bakinsa ba. Sannan sau da yawa mace mai kwaɗayin ƙasa jini ne ya yi mata ƙaranci. Jikinta ke kuka, tana ba shi abin da ba shi ya roƙa ba. A cikin ku maza biyu, kai da Lirwanu, wa ya taɓa kai ta awon ciki? Wa ya ja fatar idonta ya ga ko fari ne fat?

Ka buɗe ta yau, ka kai ta asibitin Anka a auna jininta. Da na taho da kaina, amma direbobi sun ce hanyar ba ta biyuwa kwanan nan, ba mai ɗaukar mace zuwa ƙauye.

Kuma ka faɗa mini, wane ɗaki ka sa ta? Na san gidan nan lungu-lungu, kuma tambayar ta hana ni sukuni.

Ka gaishe da Inna, ka ce na yi mamakinta.

Yayarki da ba ka shawarta ba,
Lubabatu

Anka

Zuwa ga Yaya Lubabatu.

Assalamu alaikum, da fatan zuciya ta sauka. Na karanta faɗanki, na kuma haƙura, don babba juji ne amma ƙarami ma yakan sha zubi.

Ina yi miki albishir, maganin yana ci. Na je gida jiya. Inna ta ce kwanakin farko ta yi ta bugun ƙofa tana kuka, amma yanzu ta natsu sarai. Ba ta ƙara roƙon a sayo mata komai ba. Tana dai kukan ciwon ciki da ciwon kai, ta kuma yi amai, hannunta na ɗan rawa. Haka Hamza ya yi daidai lokacin da abin ke fita daga jikinsa. In na buɗe yanzu, aikin ya koma baya. Littafi daban, Yaya, abin da ido ya gani daban.

Ɗakin da kika tambaya, na marigayi Yaya Lado ne. Shi kaɗai ke da ƙofar ƙarfe, kuma daɓensa na siminti ne, na duba da kaina, babu inda za ta ɓoye komai.

Allah Ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Almustapha

Gummi

Almustapha,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sallamar ke nan, ba ni da wata.

Ka duba daɓe. Ka ɗaga kai ka dubi bango?

Da wace ƙasa Lado ya gina ɗakin nan? Shekarar da zinari ya haukata gari, a tsakar gidan nan yake niƙa dutse, ƙurar na sauka a kan tuwo da shimfiɗa. A wurin ya haƙa, ya kwaɓa, ya yi tubalinsa. Kai ka taya shi jera su. Da daminar ta zo, dalmar da ke cikin ƙurar ta kashe masa 'ya'yansa Hudu da Fatiha, kai ka ɗauki Fatiha a hannunka zuwa maƙabarta. Ma'aikatan da suka zo daga baya tsakar gida suka kankare, suka zuba sabuwar ƙasa. Bangon yana nan yadda Lado ya bar shi.

Ka ce ta natsu, ta daina roƙo. Me za ta roƙa? Ka raba ta da mai talla, ka kulle ta a cikin tulun abin. Ciwon cikin nan da amai da rawar hannu, ba fita wani abu ke yi daga jikinta ba, shiga yake yi. Kuma ba ita kaɗai ke ci ba, akwai na cikinta.

Kada ka zauna ba ni amsa. Ka hau babur da tocila a aljihu, ka haska bangon. Daga nan asibiti, ka ce musu dalma, da bakinka, tun daga ƙofa. Na roƙi Tasi'u ya tsaya a kanka har sai ya ga ka tashi.

Lubabatu

Asibitin Anka, Oktoba

Zuwa ga Gwaggona.

Assalamu alaikum Gwaggo, ina gaishe ki da kyau. Ina kwance amma da sauƙi. Wata ma'aikaciya ta ba ni biro.

Baba ya zo da hantsi, bai ko gaida Inna ba. Ya buɗe ƙofa ya haska bayan ƙyaure, inda na rarake. Ya daɗe yana kallo. Sai ya zauna a ƙasa, ya cire hula. Ban taɓa ganin kan Baba ba hula ba sai rannan. Ya ce, “Muhsina, da yawa kika ci?” Na ce, “Baba, ga shi kana gani.” Shi ya goyo ni har bakin hanya, Inna na biye da mu da takalmina tana salati.

Likita ya ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, dalma kuma ta yi yawa. Sun fara ba ni magani, da na ƙarin jini. Ɗan yana motsi. Na tambaya ko dalmar ta taɓa shi, ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, ba za a sani ba sai an haife shi, wataƙila ma sai ya fara tasawa.

Baba ya karanta mini takardunki. Don Allah ki sassauta mashi, ko abinci ba ya ci, yana can bakin baranda kamar wanda aka yi wa rasuwa. Kuma Gwaggo, ba duka ya yi kuskure ba. Kin ce jikina ke kuka. Wataƙila. Amma na san ɗakin wa aka sa ni. Na san abin da ya kashe su Fatiha. Na yi kwanaki ina zaune tsakiyar ɗaki na danne hannuwana da cinya. Sai aka yi ruwa, ƙamshin bangon ya taso. Ina kuka ina ci, ina ba ɗan cikina haƙuri. In wanga ba jaraba ba ne, ban san sunanshi ba.

Kuma ba ciki ya kawo shi ba. Tun ina aji biyu na sakandare nake yi, a ɗakinki, bayan kantar littattafai, inda siminti ya ɓare. Ranar da duk raina ya ɓaci, can nake zuwa. In na ci sai komai ya yi shiru.

Lirwanu ya ce in an sallame ni akwai wani gidan mari da ake kai masu shaye-shaye. Ina jin tsoro, Gwaggo. Ina kuma jin tsoron a bar ni ni kaɗai.

Ɗiyarki,
Muhsina

Gummi

Almustapha,

Assalamu alaikum. Ka ci abinci.

Takardar Muhsina ta iso ni. Na janye kantar littattafan ɗakina. Na sa hannu a ramin, ya shige har gwiwar hannu. Shekara da shekaru ina zaune a gabansa ina karatu, yarinyar na cin bangon ɗakina a bayan littattafan.

Har yanzu ban yarda sunan abin jaraba ba, amma ba ni da sunan da ya fi naka. Mu bar wa likita, ya kuma haɗa ta da wanda za ta riƙa gaya wa abin da ke ɓata mata rai.

Ka gaya wa Lirwanu, duk wanda ya sa wa ɗiyata mari a ƙafa, kotu za ta raba ni da shi. In an sallame ta ka kawo mini ita da kanka. Gado ɗaya za mu kwana. Ranar da abin ya taso mata, ta tashe ni ta faɗa, in ta ci ma ta faɗa, ba zan yi faɗa ba. Ka san abin da wannan alkawari zai ci mini.

Na sa an kira magini, zai shafe bangon da siminti. Na ce kada ya taɓa ramin sai ka zo ka gani, don ka san ba kai kaɗai ba ne.

Allah Ya sauke ta lafiya.

Yayarka,
Lubabatu