Ƙahon da Ka Kafa Ba Ka Tsaga Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Wanzami na unguwar Misfala.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ka koya mana, a durƙushe ba a tsaye ba, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ni'imar kabari. Gwiwoyina sun daina yarda da durƙuso, Baba, sai ka yi min uzuri. Yanzu na girme ka nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zazzaɓin nan ya sake zagayowa unguwarmu ta Rusaifa. Yaran yanzu suna ce masa dengi, mu kuwa Abu Rukab muka san shi, saboda yadda yake kama gwiwa kamar an daka ta a turmi. In na ce musu ni ma an auna min jini a kansa tun ana rushe gidajen Mas'a, wurin sa'ayi, don faɗaɗa Harami, sai su yi dariya su ce Hajiya ta fara ruɗewa. To ga shi zan faɗa maka, kai da ka san ba ƙarya nake ba. In sun leƙo sun karanta, ruwansu.

Ka tuna ɗakinmu na katako da gwangwani a gindin dutse, da randunan da mai ruwa yake cika mana, da sauron da ke tashi duk sanda Inna ta ɗaga faifan randa? A nan ciwon ya kayar da ni, ina yarinya ban fara azumi cikakke ba. Jikina ya yi zafi rau, bayan idanuna kamar ana tura yatsa, ƙashina kuwa ko tabarma ta taɓa shi sai na yi ƙara. Inna ta ba ni jiƙo, ta shafe ni da Zamzam, maƙwabciya ta kawo kunin na masassara. Babu abin da ya motsa.

Kai a lokacin ba ƙaramin mutum ba ne a wurinmu. Da safe kana Marwa kana aske kawunan alhazai, da yamma mutanen unguwa suna jere a ƙofar gida suna jiran ƙaho. Kana duban jinin da ka zuba a ƙwarya ka ce wannan na sanyi ne, wannan na rana ne, wannan mataccen jini ne ya kwanta a kafaɗa. Ba wanda yake musa maka. In ka gama sai ka haƙa rami a bayan ɗaki ka binne, kana cewa jinin ɗan Adam ba a barinsa a sarari.

Sai wata safiya zafin ya sauka. Inna ta yi guɗa, aka fara maganar sadakar waina. Ni dai na san ban warke ba, don cikina yana murɗawa, hannuwana sun yi sanyi, wasu jajayen ɗigo-ɗigo sun feso min a ƙafa. Yayarka Gwaggo Hansai ta zo ta duba su, ta ce ai magana ta fito fili, mugun jini ne yake neman hanyar fita. Ta ce abin kunya ne a ce 'yar wanzami tana kwance da mugun jini alhali zabira tana rataye a kanta. Ka san Gwaggo, in ta kafe a kan abu ko jakin mai ruwa bai kai ta ba.

Ka kwantar da ni rubda ciki. Na ji sanyin ruwan da ka shafa min a baya, na ji bakin ƙahon ya zauna tsakanin kafaɗuna, ka zuƙa ka toshe da kaki. Haka aikinku yake, sai an fara kafa ƙaho a bushe fata ta taso, sannan a cire a tsaga da aska a mayar. Na runtse ido ina jiran askar.

Ba ta zo ba. Ka cire ƙahon ka tsaya kana duban wurin. Daga baya Inna ta gaya min cewa wurin da ya kamata ya yi ja kaɗan ya koma baƙi ƙirin, jini ya taru a ƙarƙashin fata kamar an doke ni da taɓarya. Gwaggo tana cewa ka gani ko, ka gani ko, tsaga mana. Kai kuwa askar tana hannunka a buɗe, ka ce, “Yaya, wannan jinin ban san shi ba.” Ka naɗe askar ka saɓa ni a kafaɗa, ko takalmi sai da Inna ta biyo ka da shi.

Har yau ina mamakin wannan tafiya, Baba. Kai da kake cewa asibiti wurin waɗanda ba su da dangi ne, kai ne ka ratsa kasuwa da ni a kafaɗa, mutane suna tambaya kana wucewa.

Likitan Bamisre ne mai furfura a gefen kunne. Ya duba idona da dasashina, ya daɗe yana kallon zoben da ƙahonka ya bari. Ya tambaya ko an tsaga, ka ce a'a, ya ce alhamdulillah har sau biyu. Sannan ya soke min yatsa, ya ɗiga jinin a kan wani ɗan gilashi, ya shimfiɗa shi siriri da gefen wani gilashin, ya zuba masa ruwa mai launin shuni. Wani ɗigon kuma ya zuƙe shi a ɗan siririn bututu. Ni na yi zaton magani zai fito daga ciki.

Da ya juya zai shiga da gilashin ɗakin ciki sai ka tare ƙofa. Da Larabcinka na kasuwa ka gaya masa in ya gama ya ba ka jinin 'yarka za ka binne, ba ka barinsa a hannun baƙo. Na ji tsoro zai kore mu. Sai ya tambayi sana'arka, ka faɗa masa, ya yi murmushi ya ce, “Ta'al shuf, ya Hajj,” wato zo ka gani. Ya ce amma sai ka ba da naka ɗigon, don a gwada da nawa.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, ai ranar na yarda wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya tsaga bayan rabin Misfala, allura 'yar mitsitsiya ta nufo shi ya kau da kai yana salati. Duk da ciwon da nake ciki sai da na yi dariya.

Ina kwance a benci ina hango ka ta ƙofa. Ka ture hularka baya, ka sunkuya a kan madubin likitan nan mai kama da ƙaramar butar ƙarfe, ka rufe ido ɗaya. Ka daɗe. Ka ɗago ka dubi gilashin da idonka, ɗan tabo ne bai kai ƙwayar wake ba, ka sake sunkuyawa. Ban taɓa jin ka yi tasbihi da irin wannan muryar ba, ko a gaban Ɗakin Allah. Da muka koma gida ka ce wa Inna, “Jama'a ce a ciki, cincirindo kamar ranar Arfa. Shekara da shekaru ina zubawa a rami, ashe al'umma nake binnewa.”

Likitan ya bi da kai a hankali. Ya nuna maka jajayen da suka fi yawa, ya ce da maleriya ce da ya ga ƙwayarta zaune a cikinsu, ga su kuwa wayam, don haka a daina ba ni kunin. Ya nuna maka farare masu faɗa da cuta, nawa sun ragu. Sannan ya ce ka dubi wasu 'yan ƙanana kamar tsakin gero a tsakani. A gilashinka ko'ina ka duba ga su. A nawa sai ka yi ta nema kafin ka ga ɗaya. Ya ce su ne suke toshe rauni in an yanke, kuma Abu Rukab yakan cinye su daidai lokacin da zafin jiki ya sauka, mutane suna murna an warke.

Yanzu an ce akwai gwajin da yake kiran ciwon da sunansa, sakamako ya zo wa mutum a waya. Shi wannan bawan Allah ba shi da wannan. Da abin da ya gani a jikina da abin da ya rasa a jinina ya gane. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ya ce shi ba shi da maganin kashe ciwon. A yi ta ba ni ruwa da kunu da romo, kada a ba ni asfirin, kada ƙarfe ya taɓa fatata, kuma a kawo ni kowace safiya ya duba ko 'yan tsakin suna ƙaruwa ko suna raguwa. Ka karɓi gilasanmu biyu a ƙunshe a takarda, ka binne su a bayan ɗaki.

Gwaggo ba ta ji daɗi ba ko kaɗan. Ta ce Bamisre ya rufe maka ido da madubi, ta ce yana tatsar jinin yarinya kullum ya hana ubanta ya fitar da mai cutar. Abokan sana'arka ma sun zo har gida suna ba da baki. Ba ka yi musu da kowa ba, sai ka sauke zabirar daga ƙusa ka sa ta a akwati ka zauna a kai.

'Yan tsakin nan kuwa suka ci gaba da raguwa. Safiyar da ta fi kowacce muni, na tashi da jini a dasashi, Inna ta share min. A asibiti likitan ya ɗan soki leɓatun kunnena, ya riƙe agogo, yana taɓa wurin da takarda mai shan ruwa. Ɗigo ya fito ya shanye, wani ya fito. Takardar ta cika da jajayen tabo ya ɗauko wata. Daga ƙarshe ya ajiye agogon ya ba ka auduga ya ce ka danne.

Ka danne da babban yatsanka, wanda ya tsayar da jinin kaciya da na ƙaho ba adadi. Ka ɗaga, yana zuwa. Ka sake dannewa. Hujin allura ne fa, Baba, ko ganinsa ba a yi. Na ɗago ido na ga kana kallon bayana, inda zoben ƙahon yake, na san lissafin da kake yi: tsaga nawa ke shiga ƙarƙashin ƙaho ɗaya, ƙaho nawa ka yi niyyar kafawa. Hawaye suna bin gemunka ba ka share ba, don hannunka ɗaya yana kunnena, ɗayan yana riƙe da kaina. Abin da kake ta maimaitawa shi ne, “Da na kashe ki da hannuna.”

Ranar likitan bai bari mun tafi ba, aka ba ni gado. Gwaggo ta zo da kunun tsamiya, ta ga audugar da aka tara a kwano, ta zauna a ƙasa tana ba ni da ludayi. Ba ta ƙara maganar ƙaho ba, ba ta kuma ce ta yi kuskure ba, ka san halinta.

Jinin ya tsaya. Da aka sake dubawa likitan ya matsa gefe ya bar maka madubin. Kai da kanka ka ga 'yan tsakin, ka ɗago kana cewa sun dawo, wallahi sun fara dawowa, ga wasu nan a gefe sun taru. Ka ɗaga ni cak ka sa idona a bakin madubin. Na ga wata duniya mai haske, zagayayya, cike da halittu, aka ce min wai ni ce. Sai na ce ina jin yunwa. Ka fita da gudu ka sayo tamis mai zafi, gurasar nan ta tanda, ka zauna kana kallona ina ci.

Ka koma sana'arka, amma ba ka ƙara kafa wa mai zazzaɓi ƙaho ba. Duk wanda ya zo da zafin jiki sai ka ce ya je a duba jama'ar cikinsa tukuna. Wasu suka ce ka zama ɗan koren Bamisre, wasu suka koma wurin wanzaman unguwar Jarwal. Ka ce su je, Allah Ya ba da lafiya.

Ni kuwa ba ka ƙara buɗe aska a kusa da ni ba. Ka yi wa Inna ƙaho, ka yi wa ƙannena, ka yi wa mijina. Da na girma ciwon kafaɗa ya dame ni na roƙe ka, ka ce in je in sha ruwa in kwanta. Na yi fushi a lokacin, na ce kowa ɗanka ne ban da ni. Ban kuwa nema a wurin wani ba, har bayan rasuwarka.

Tafiyata ta matso, Baba, ina ji a jikina, kuma ba na tsoro. Ranar da mata za su wanke ni, za su juya ni su ga bayan 'yar wanzami sumul, babu tsaga ko ɗaya. Za su yi mamaki. Ni da kai mun san dalili.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka a maƙabartar Ma'ala. Yadda ka tsayar da hannunka a kaina, Allah Ya tsayar da azaba daga gare ka. Ya jiƙan Inna da Gwaggo, Ya jiƙan likitan nan da ban taɓa sanin sunansa ba. Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sada mu a inda babu ciwo.

Wassalam.

'Yarka mai kewarka,
Ruƙayya